Agwagwar da Ba Ta Mutu Ba

Shafi na 23

Masu cewa shafin jiya gajere ne, na ga saƙonninku. Ga na yau. Mai cin abinci ya gama tukuna.

*

Sakamakon gwajin Rudaina ya fito da hantsi. Murar tsuntsaye ce.

Da a shekarun baya ne, sai an ɗauki samfurin an kai Alƙahira, mu zauna muna jira, yarinya tana shiɗewa a gadon asibiti. Yanzu na'urar tana nan Shibin, a ɗakin gwajin da shirin haɗin gwiwa ya kafa mana. Dakta Lan, wadda aka turo daga Biyetnam don ta koya wa ma'aikatanmu aiki da na'urar, ita ta tsaya a kai har ya fito.

Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Turanci muke yi ni da ita.

"Rabab, yarinya 'yar shekara shida ba ta tsinci wannan a hanya ba. Ta taɓa tsuntsu. Ina tsuntsun?"

"Jiya mun bi layinsu gida-gida. Kowa ya ce babu abin da ya mutu."

"To ko dai tsuntsayen ƙauyenku ba sa mutuwa, ko mutanen ƙauyenku sun iya ƙarya."

"Sun iya. Amma ba sa rantsuwa a kanta. Jiya kowace mace sai da ta rantse min."

Lan ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara.

Mu duka mun san abin da ke gabanmu. Maganin yana aiki ne in an sha shi da wuri. Duk wanda ya taɓa abin da Rudaina ta taɓa, dole in same shi kafin zazzaɓi ya same shi. Ba tsuntsu, ba sunaye. Ba sunaye, sai dai mu jira su a ƙofar asibiti, ɗaya bayan ɗaya.

Uwar yarinyar, Saniyya, ba ta da amfani a wurina. In na tambaye ta sai kuka.

Na ɗauki makullin mota.

"Zo mu koma. Layin da na tashi ne. Bangonsu ɗaya da gidan uwata."

*

Tun daga bakin layin na ji shi.

Man agwagwa. Albasa tana soyuwa a cikinsa.

Na rage tafiya. Gidan farko, ƙanshin. Gida na biyu, shi ne dai. Na tsaya tsakiyar layi kamar wadda aka kira sunanta.

Lan ta ce, "Biki ake yi?"

"Talata ce."

Ba Idi ba, ba Ashura ba, ba tsakiyar Sha'aban ba. Ba wadda ta haihu. Ba wanda ya dawo daga Hajji.

Inna Bahiyya, maƙwabciyarmu ta ɗaya ɓangaren, ta leƙo daga taga da tsintsiya a hannu.

"Ummu Sabri! Fito, ga Baturiyarki ta dawo, har da 'yar Sin ɗinta!"

"Ina wuni, Inna Bahiyya. Ba 'yar Sin ba ce."

"Duk ɗaya ne, 'yar nan. Yau kuma wa kuka zo ƙirgawa?"

Na tura ƙofarmu.

Umma tana zaune a ƙasa gaban ɗan teburin abinci. Ta ga Lan, ta miƙe da fara'ar da ba ta taɓa yi min ba.

"Lale, lale! Haske ya shigo gida. Ki ce mata ta zauna. Subhanallahi, ba sa ba ta abinci ne a wurin aikin naku? Kamar tsinke."

Lan ta gaishe ta da ɗan Larabcin da ta tsinta. Umma ta shige kicin, ta dawo da faranti a hannu biyu.

Shinkafar tanda. Miyar lalo. A tsakiya, agwagwa guda, cike da albasa, fatarta ta yi ja.

Na zauna na dube ta.

"Umma, wa ya gaya miki zan zo da baƙuwa?"

"Zuciyar uwa."

"Zuciyar uwa ba ta taɓa yanka min agwagwa ba. Ranar da na dawo daga Glasgow da digirina, wake kika ba ni."

"Wake da ƙwai."

"Ƙwai ɗaya."

"Ki ci ki rufe min baki, kina ba ni kunya gaban baƙuwa."

"Agwagwar nan tun safe take kan wuta. Ni kaina ban san zan zo ba sai ɗazu."

Ta gyara mayafinta. Ta tura farantin gaban Lan.

"Ki ce mata cinya ta fi daɗi."

Na tashi na nufi matakalar rufi.

"Ina za ki?"

"Shan iska."

"Babu iska a sama yau."

"Zan gani."

*

Na sa takunkumin fuska tun a matakala, na miƙa wa Lan ɗaya. Umma tana biye da mu, tana haki, tana tsine wa gwiwoyinta da makarantar da ta mayar da 'yarta 'yar sanda.

Kejin da ya saba cika ya koma rabi.

A kusurwa, wata agwagwa tana zagaya wuri ɗaya. Wuyanta ya karkace baya, idonta ya yi fari-fari. Kashi kore a ko'ina.

Kusa da ita, baho. Kusa da bahon, wuƙa, an wasa ta.

Lan ta durƙusa ta buɗe akwatin samfuri.

Na juya.

"Jiya na tambaye ki, Umma. A gaban abokan aikina."

"Me kika tambaye ni?"

"Ko wani tsuntsu ya mutu a gidan nan."

"Na ce me?"

"Kika rantse babu."

"Kuma ina nan kan rantsuwata."

"Umma."

Ta dafa ƙirji.

"Ni Nabawiyya? Agwagwa ta mutu a rufina? Mushe? Ina da ido, ina da wuƙa. Da na ga ta fara layi, sai in riske ta."

Na dubi wuƙar.

Riska. Kalmar da na tashi ina ji tun ban kai tsayin kejin nan ba. "Yi maza ki riske ta." Tsuntsu ya sunkuyar da kai, a ruga a ɗauko wuƙa, a ambaci sunan Allah kafin ransa ya fita da kansa. A layinmu, macen da ta bari tsuntsunta ya mutu ita ce sakarai, da ita za a yi hira har sallah.

Tambayar da muke yawo da ita kuwa, an tsara ta ne a ƙasar da tsuntsu ke kwanciya ya mutu da kansa. Ni na mayar da ita Larabci, daidai-wa-daida. Ba wadda ta yi min ƙarya.

Na gaya wa Lan cikin jimla biyu.

Ta ɗago, auduga a hannu.

"A wurinmu ma ba sa mutuwa. Kasuwa ake kai su da sassafe." Ta rufe kwalbar. "Zan kira ofis. A canza tambayar yau, a duk jihohin. Na Sudan da na Iraƙi ma a gaya musu, su ma yanka suke yi."

"Ki ce su tambaya: wanne kuka yanka ba ranar yanka ba."

"Maimaita."

Na maimaita. Ta matsa gefe da wayarta.

Umma ta zura mata ido.

"Me take cewa? Da wa take magana?"

Ban kula ta ba. Na taka zuwa ɗan bangon da ya raba rufinmu da na maƙwabta. Inna Bahiyya tana can, ta hau tun ɗazu, wai tana shanya. Riga ɗaya take ta juyawa a igiya.

Na sauke murya kamar mai neman shawara.

"Inna Bahiyya, Allah ya tsare. Ke nawa kika riska makon nan?"

"Uku, 'yar nan, alhamdulillahi. Ba asara ko ɗaya. Ummu Hamdi ce dai ta kusa makara, sai da ɗanta ya..."

Ta tsaya. Ta dubi Umma. Ta sa hannu ta rufe baki.

Umma ta ce, "Allah ya yanke wannan harshen, Bahiyya."

"Ai ita ce ta tambaye ni da hankali!"

Na ce, "Sauka ki jira ni, Inna. Ke da duk wanda ya riƙe miki ƙafa ko fiffike. Kada ki wanke komai, kada ki share komai."

"Za ku kwashe min kaji?"

"Za mu ba ki magani. Kajin ba ni ke kwashewa ba."

"Amma za a kwashe."

"Za a kwashe."

Ta sauka tana salati.

*

Sai mu biyu, da Lan can gefe.

"Ta farkon da kika riska, ina take?"

Umma ta juya min baya, ta hau gyara buhun dusa da ba ya bukatar gyara.

"An cinye."

"Wa ya ci?"

"Mutane."

"Umma, ina da yarinya a asibiti da robar iska a hanci. Ba ni da lokacin wasan ɓuya."

Ta saki buhun.

"Saniyya na ba. Mijinta ya daɗe ba aiki. Yaran nan sun manta kamannin nama."

"Figaggiya kika ba ta?"

"In ba ta kyauta kuma in fige mata? Yarinyar ta aiko."

"Rudaina."

"Nan ta zauna." Ta nuna wani bulo kusa da bahon, ba ta dube shi ba. "Ita ta ce za ta fige da kanta. Gashin fiffiken take so. Wai za ta yi kambin sarauniya."

Na dubi bulon. Akwai sauran gashi a maƙale a jikinsa.

Ga tsuntsun. Ga wurin. Ga ranar.

Umma ta juyo, fuska a murtuke.

"Sadaka na yi."

"Na sani."

"Sadaka ba ta kashe mutum."

"Sadakar ba ta yi komai ba. Naman da ya dahu ma bai yi komai ba. Jinin ne, da gashin, da ƙurar da ta shaƙa."

"Tun kakata muke riska. Ba wanda ya mutu."

"Wanda ya mutu an ce sanyi ne ya kama masa ƙirji."

Ta sauke murya.

"Yarinyar za ta tashi?"

"An fara mata magani. Da na san wannan tun jiya, da na fi iya ba ki amsa."

Ban faɗa don in soke ta ba. Haka abin yake.

Ta zauna a kan buhun.

"Za ki kira masu fararen kaya."

"Lan ta riga ta kira."

"Rabab!"

"Suna hanya."

Ta miƙe da saurin da gwiwoyinta ba su yarda da shi ba.

"Ke ba kya nan shekarar da suka zo! Kina can kina shan ƙanƙara! Buhu-buhu suka cusa kajin layin nan, da rai, mata suna bin motar suna ihu. Ummu Hamdi har yau ba ta gaisa da ƙaninta, don shi ya nuna musu ƙofa. Kina so a ce 'yar Nabawiyya ce ta kawo su?"

"A ce."

"Da wane ido zan fita sayen burodi?"

"Da wanda kike fita da shi kullum. In wani yaro ya sake kwanciya a layin nan, shi ne ba za ki iya fita ba."

"Agwagin nan su suka saya miki takalmin makaranta. Su suka saya miki akwatin da kika tafi da shi ƙasar sanyin. Ubanki bai bar mana komai ba sai rufin nan."

"Na sani."

"Kin sani, kuma?"

"Shi ya sa zan yi aikin da suka koyar da ni."

Ta zuba min ido kamar yau ta fara ganina.

"Wallahi ba zuciya a ƙirjinki. Dutse suka sa miki a can."

"Ba ni goshinki."

"Kauce."

Na kama shi duk da haka. Babu zafi. Na buɗe jaka na ɓallo ƙwaya, na ɗebo ruwa a tulun da ke inuwa.

"Haɗiye."

"Lafiyata ƙalau."

"Na gani. Riskar ki nake yi."

Dariya ta kuɓuce mata, ba da sonta ba.

"'Yar banza. Ni ce agwagwar?"

"Ke ce babbar cikinsu. Haɗiye."

Ta haɗiye.

Lan ta dawo tana sa waya a aljihu.

"Motar likitocin dabbobi ta taso. Magani ma yana zuwa, na dukan layin. In mun gama sunayen kafin la'asar, mun riga cutar."

"Za mu gama. Yanzu na san abin da zan tambaya."

Na yarda da abin da na faɗa. Layi ɗaya ne, matan da na sani tun ina goye. Kowace za ta gaya min nawa ta riska, da alfahari ma.

Na sake duban kejin, don in gaya wa masu zuwa abin da za su tarar.

Sai na ga ƙaramin kejin da ke bayan tankin ruwa.

A buɗe. Babu komai a ciki.

Nan Umma take ajiye manyan fararen agwagi biyun da take ɗura wa wake da masara da hannunta, safe da yamma. Na Dalal ne, ƙanwata, da ke aure a unguwar Shubra, cikin Alƙahira. Cikinta wata takwas. Agwagin ranar haihuwa ne, ba mai taɓa su.

"Su ma kin riske su?"

"A'a. Su lafiyarsu ƙalau."

"To ina suke?"

Ta hau kaɗe dusa daga rigarta.

Na dubi ƙusar da ke jikin bangon matakala, inda babban kwandon ziyara yake rataye tun ina yarinya. Kwandon da ake cika wa 'yar da ke birni: burodin fatir, cuku, ƙwai cikin ƙaiƙayi, tsuntsu da rai a sama, ƙafa a ɗaure.

Ƙusar ce kaɗai.

"Umma, ina Sabri?"

Sabri wana ne. Ba ya tashi kafin azahar sai da dalili.

"Ya fita."

"Ina?"

"Namiji ne, ina bin sa ne?"

"Ina kwandon?"

Ta ɗago kai. Wannan karon ba ta kauce wa idona ba.

"Da na ga kuna bin gida-gida jiya, na san masu fararen kaya ne a bayanku. Na ce komai za a kwashe a kwashe, amma ban da na Dalal. 'Yata ba za ta haihu ta sha romon kazar kanti ba."

"Yaushe ya tafi?"

"Motar farko."

"Kejin nasu da wannan, kwano ɗaya suke shan ruwa?"

Kwanon yana nan tsakanin kejin biyu, ina ganinsa.

"Na duba su da kaina, Rabab. Na buɗe musu baki. Idonsu tar."

Lan tana duban fuskata.

"Me ya faru?"

"Biyu sun tafi Alƙahira. Gidan mai ciki."

Ta sake zaro wayarta.

Ni ma na zaro tawa. Gidan Dalal ɗaki biyu ne a hawa na huɗu. Ba rufi, ba tsakar gida. Agwagwar ziyara a banɗaki ake ɗaure ta.

Na kira. Ta yi ta ƙara har ta yanke.

Umma ta matso.

"Barci take. Mai ciki ce."

Na sake kira. Ta yanke.

"Ko tana wanka. Ki bar tsorata ni, ke."

Na uku, aka ɗauka. Na ji ƙarar famfo, da rediyo can ciki.

"Dakta da kanta! Yau rana ta ina ta fito? Tsaya in maƙale ki a kafaɗa, hannuna duk jini."

"Jinin me?"

"Agwagin Umma mana. Sabri ya ajiye ya gudu shan shayi, ya bar ni da aiki. Ga gashi ya cika min banɗaki, har cikin hancina."

"Dalal, ajiye abin da ke hannunki."

"Saura kaɗan. Ɗayar ce ta iso tana layi, wuya a karkace, ina jin zafin mota ne. Kada ki gaya wa Umma, ranta zai ɓaci."

Umma tana jin komai. Ta kama hannuna.

Dalal ta yi dariya.

"Ba asara, Yaya. Na riske ta."